Wa Zai Faɗi Ciwon Mai Jego?

Masu iya magana sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. To, in har ciwon nata ne, don me bakin wani ke faɗinsa?

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, idan mai jego ta daina barci, ta ƙi abinci, tana kuka ba dalili, har ta juya wa jinjirinta baya, sai mu ce iska ce ta buge ta, ko kishiya ta yi mata sammu. A yi hayaƙi, a yi ruƙiyya. Sai abin ya gagari kundila ake neman motar zuwa asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Kuma duk inda aka je, miji ko yayanta ne zai yi wa likita bayani, ita kuwa kai a sunkuye. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan ɗaya cikin biyar na masu jego na fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi matsanancin baƙin ciki.

Wasu za su ce cuta cuta ce, ba ruwan likita da mace ko namiji, wannan shi ne adalci. Mu ba mu yarda ba. Zazzaɓi a jini ake ganinsa. Ciwon zuciya kuwa ba shi da awo sai magana. Yaya za ta ce zaman gidan ne ya ishe ta, ga mai gidan zaune a gefenta? Likitan da bai san nauyin kunya a wuyan Bahaushiya ba, zai rubuta abin da miji ya gani, ya bar abin da ke cin ta.

Namijin ma bai tsira ba. Tun yana yaro muka hana shi kuka, don haka sai ya ce jiri ne, ko ciwon kai, ko ya koma ga tiramol.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin sirri. Amma doka ba za ta shiga ɗakin likita ta ce, "Malam, ɗan ba mu wuri," sannan ta kira nas mace ta zauna kusa da mai jegon ba. Wannan sai likitan da kansa, cikin lafazin da mijin ba zai ji an raina shi ba.