Dashen Masakuwa da Karatun 'Ya'yanmu

Duk shekara, idan damina ta fara haɗa kayanta a watan Satumba, abubuwa biyu ne ke faruwa tare a ƙasar Garwa da ke Kamaru. Yara su goya jakunkuna su koma makaranta, manoma kuma su soma shirin sauka filayen laka na kwarin Binuwai, wajen Pitoa da gaba, domin dashen masakuwa. Na daɗe ina ganin waɗannan biyun ban taɓa haɗa su a raina ba, sai bara da na raka kawuna gonarsa.

Masakuwa, wadda Fulani ke kira muskuwaari, dawa ce ta rani. Danshin da baƙar laka ta riƙe tun damina, lakar da mutanen nan ke cewa karal, shi take sha har a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu. Amma ba a zuba ƙwayarta cikin lakar kai tsaye. Tun watan Agusta ake yafa iri a wani ɗan fili mai taushin ƙasa, a rene shi wata guda ko kwana arba'in. Ranar dashe na ga kawu a tsugune yana tuge tsiron, yana murza gindin kowane tsakanin yatsunsa don ya ji kauri, ya rage ganyen sama, ya tara gefe. Mutum ɗaya na gaba da ƙaton sanda mai tsini yana huda ƙasa, yaro na biye da gwangwani yana zuba ɗan ruwa a kowane rami, na ƙarshe ya sa tsiro biyu ya wuce. Ruwan da za ta samu daga hannun mutum ke nan har girbi.

Na lura da wani gefen renon da ba a taɓa ba, na ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Ɗana, wannan bai gama yin saiwa ba. In na kai shi karal yau, jibi ya bushe. Sai ya ƙara kwana goma." Ashe kashi uku ya yafa irin, da ratar kwanaki a tsakani, kowane kashi da ranar fitarsa.

Bayan mako biyu 'yar maƙwabcina, wadda ke aji biyar na firamare, ajin da ake kira CM1, ta shigo da littafinta don ta nuna min ta iya karatu. Ta zubo shafi guda na Faransanci ba gargada. Na ji daɗi, sai na ɗora yatsa kan wata kalma a tsakiyar shafin na ce, "Wannan fa, me aka rubuta?" Ta yi shiru, ta koma layin farko tana motsa leɓɓa, tana bi a hankali har ta iso wurin yatsana, sannan ta faɗa. Hadda ta yi. Na miƙa mata kwalin sabulu, ta juya shi gaba da baya, ta sunkuyar da kai. Wannan yarinyar ce ke yi wa uwarta tallar gyaɗa da yamma. Ka ɗauki ƙulli uku, kowanne sefa 150, ka ba ta takardar sefa 1000, kafin ka mai da hannu aljihu ta ƙirga maka 550. Na rubuta mata 1000 a cire 450 a kan allonta, ta daɗe tana kallo, ta rubuta 1450.

Abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki. Ƙwaƙwalwar yarinyar lafiya lau take, kasuwa ta shaida. Abin da ya same ta shi ne abin da kawu ya ƙi yi wa irinsa. Tana da shekara shida aka tuge ta daga gidan da ake Hausa, da unguwar da ake Fulatanci, aka dasa ta a ajin farko, wanda ake kira SIL, inda tun ranar farko komai da Faransanci ne. Aka ɗora mata kaya biyu a lokaci guda: ta gane yadda baƙi ke haɗuwa da wasali ya ba da sauti, ta kuma gane ma'anar sautin a harshen da ba ta taɓa yin mafarki da shi ba. Yaro mai wayo idan ya rasa hanya sai ya koma hadda, malami ya ji baki na tafiya ya ɗauka an iya, shekara ta zagayo a wuce aji na gaba.

Ba ita kaɗai ba ce. Gwajin PASEC na 2019, wanda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ke yi tare, ya nuna cewa cikin yaran Kamaru da ke ajin ƙarshe na firamare, kaɗan ne sama da rabi suka kai mizanin da ake bukata a karatu, a lissafi kuwa kusan ɗaya cikin uku. Gwamnati da kanta ta sa Arewa, da Arewa Mai Nisa, da Adamawa, da Gabas cikin yankunan da iliminsu ke bukatar kulawa ta musamman. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, yara suka cika azuzuwa, abin a yaba. Na shiga ajin da ya haura yara ɗari, malaminsu kuma iyaye ne ke haɗa masa ɗan abin da yake karɓa a ƙarshen wata. Irin wannan malamin bai cancanci zargi ba, taimako yake bukata.

An gwada renon kafin dashe, kuma an ga amfaninsa a cikin ƙasar nan tamu. Tun 1981 Farfesa Maurice Tadadjeu na Jami'ar Yawunde ya kafa shirin PROPELCA na fara koyar da yara da harsunan gida. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta ambaci ɗaukaka harsunan ƙasa. A 2007, a ƙasar Kom da ke Arewa maso Yamma, aka ɗauki makarantu 12 ana koyarwa da harshen Kom shekara uku na farko, aka gwada su da wasu 12 masu Turanci zalla. Yaran da aka koyar da harshen Kom suka yi wa sauran fintinkau a karatu da lissafi. Da aka juya su gaba ɗaya zuwa Turanci a aji huɗu, tazarar ta ragu, abin da kawu zai kira an yi gaggawar tugewa. A gwajin PASEC na 2014 kuma, Burundi, inda yaro ke fara karatu da Kirundi, ita ce ta zo gaba a ƙananan azuzuwa cikin ƙasashe goma. Shirin ELAN ma ya sa Fulatanci cikin harsunan da ake gwadawa a wasu makarantun Kamaru, amma gwajin bai kai ga yawancin yaranmu ba.

Na san abin da iyaye ke cewa, don ni ma an faɗa min: "Mun kai shi makaranta ya koyi Faransanci, Fulatanci ai yana ji a gida." Gaskiya ne da Faransanci za a rubuta jarrabawar CEP da ta shiga sakandare da BEPC, da shi kuma za a nemi aiki. Manomin masakuwa ma karal yake nufi tun ranar da ya yafa iri. Yaron da ya gane sirrin haɗa baƙi da harshen da yake ji, sau ɗaya zai koye shi a rayuwarsa, ya ɗauke shi ya shiga Faransanci da shi. Akwai kuma maganar cewa aji guda a Garwa na iya haɗa Bafillace da Bahaushe da ɗan Fali da Mundang da Tupuri da Gidar. Wannan matsala ce ta gaske, kuma bai kamata a danne harshen kowa ba. A ƙauyen da harshe ɗaya ya rinjaya, a fara da shi. A cikin gari kuwa, a saurari harshen da yaran ke wasa da shi a filin makaranta lokacin hutu.

Saura waɗanda aka riga aka dasa, irin 'yar maƙwabcina, da 'yan ajin farko na sakandare da ke faɗuwa lissafi don ba sa iya karanta tambayar. A nan kashi ukun kawu ya shigo. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da hanya mai sauƙi, Zambiya ta ɗauka a 2016, wasu jihohin Arewacin Najeriya ma sun gwada da Hausa. A zauna da kowane yaro minti biyar a ga inda ya tsaya: baƙaƙe, ko kalma, ko jimla, ko labari. Sai a ware awa guda a rana a raba yara bisa matakinsu, ba a duba ajinsu ba, duk wanda ya ƙware ya matsa gaba. Mu wannan ba baƙon abu ba ne. A makarantar allo, mai babbaƙu na zaune kusa da mai farfaru, kuma malam ba ya barin almajiri ya wanke allo sai ya biya daidai. Lissafin ma a fara shi da tsinke da marafan kwalba da canjin tallar gyaɗa, yarinya ta faɗi yadda ta samo 550 a kanta, sannan a nuna mata yadda ake rubuta shi.

Ina roƙon shugabannin makarantu su yi wannan gwajin na minti biyar a makonni biyu na farkon shekara, su kawo sakamakon gaban taron iyaye, kafin a shiga maganar kuɗin gyaran benci. Kai kuma uba, ke kuma uwa, ko yaya ko gwaggo da ta iya karatu, yau da daddare ku ajiye littafin makarantar gefe. Ku miƙa wa yaron takardar da bai taɓa gani ba, ku ce ya karanta muku layi biyu, ya kuma faɗa muku da harshen gida abin da aka ce.