Ciwon Gado Da Hukuncin Neman Magani

Ga tambaya ga iyaye da malaman ƙasar 'Yandoto, daga Tsafe zuwa Gusau da Bunguɗu: shin neman maganin ciwon da yaro ya gada a jinin iyayensa jayayya ce da ƙaddara?

A dubi amosanin jini, wato sikila. Ba ya kama yaro sai ya gaje shi daga uwa da uba duka. Yakan toshe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ɓarin jikin yaro ya shanye, har a ɗora wa aljannu laifi. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da takwarorinsu na Amurka sun bincika, sakamakonsu na 2022 ya nuna cewa maganin hydroxyurea, ko da ƙaramin awo ne, yana rage wannan haɗari.

To, wanda Ya ƙaddara ciwon, Shi Ya ƙaddara saninsa. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa saboda annobar Sham, tawakkalinsa bai ragu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya wallafa littattafai kan magani. Saboda haka awon jini kafin aure da kai yaro asibiti sauke amana ne. Uban da ya naɗe hannu, za a tambaye shi ranar gobe.

Allah Shi ne Masani.