Inda Ake Shafa Giris da Inda Ake Goge Shi

Tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar ruwa ta Kwatano, waɗanda aka yi shekara da shekaru ana koro su ta gadar Malanville su shigo Gaya, da yawansu na zuwa da wani dunƙulen ƙarfe a baya, ƙasa da lamba. A nan Tanda ba mu cika kula shi ba. Wani ya sa makanike ya kwance, wani ya bar shi ya yi tsatsa. A can inda suka fito kuwa da shi ake jan ƙaramar tirela, da shi kuma ake jan ɗakin nan mai taya da suke tafiya hutu da shi su kwana a ciki. Kaurinsa milimita 50 ne, awo ɗaya a duk ƙasashen Turai.

Kawuna, wanda ya tsufa yana gyaran manyan motoci a Gaya, shi ya fahimtar da ni abin da ke cikin wannan ƙarfe. Ƙaramar tirela, hular ƙarfe gare ta da ke hawa kan dunƙulen, ƙarfe a kan ƙarfe. In ba giris sai ta riƙa kuka, su ci juna har mahaɗar ta yi sako-sako, wata rana a faɗa rami ta fita. Shi kuwa ɗakin mai taya dogo ne, iska na kaɗa shi, don haka kamfanoni irin su AL-KO suka sa wa mahaɗarsa wasu 'yan fatu irin na birki da ke damƙe dunƙulen don kada ya yi ta lilo a bayan mota. Waɗannan fatu ba sa shiri da maiƙo. Giris kaɗan ya taɓa su, riƙonsu ya mutu. Har fentin dunƙulen kankare shi ake yi. Mai tirela da ɗaki duka biyu, ke nan, duk sanda zai sauya kaya sai ya tsuguna: yau ya shafa, gobe ya wanke tas.

Na ce, "Kawu, to wanne ne daidai, a shafa ko kada a shafa?" Ya ce, "Ɗana, ka fara tambayar me za a ja."

Amsar nan tasa ta taɓo tambayar da ta daɗe tana cina: sauƙin hali alheri ne a kowane wuri? Mun tashi ana koya mana haƙuri da kawaici da yafiya, kuma ban taɓa shakkar darajarsu ba. Sai dai na ga inda suka yi ɓarna, kuma mutanen kirki ne suka yi ta.

Ga manomi yana bin maƙwabcinsa buhun shinkafa biyu, ruwan Kwara ya yi ambaliya ya cinye gonar maƙwabcin. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma nuna yafewa ta fi. Nan wurin giris ne, a shafa da yawa. To wannan manomi ɗin dai shi ne ma'ajin ƙungiyar manoman unguwa, ko kuma gonar marayun wansa na hannunsa. Maƙwabcin ya dawo neman rance, yanzu daga kuɗin da ba na ma'ajin ba. Fuska ɗaya, hawaye ɗaya, kunya ɗaya. Hannun da ya saba bayarwa jiya zai so ya bayar yau. Amma Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani kan dukiyar maraya, kuma ba ta ce sai in da mugun nufi aka taɓa ta ba. Na san ƙungiyoyi da adashe da suka watse ba tare da ɓarawo ko ɗaya ba. Ma'aji ne kawai ya kasa cewa a'a, saboda maiƙon jiya na nan bai goge ba.

Akasin haka ma na faruwa, kuma ya fi ciwo. Mutum ya wuni yana riƙe da amanar kuɗi ko ta ma'auni a kasuwa, bai ɗaga wa kowa ƙafa ba, kuma daidai ya yi. Da magariba ya shiga gida da wannan busasshiyar fuska, yana ƙirga wa matarsa cefane kamar ɗan duwan a bakin gada. Gidan ya yi ta kuka irin na ƙarfe, maƙwabta na ji, shi yana ganin gaskiya yake tsayarwa.

Malamanmu na Malikiyya sun san wannan tun da daɗewa. Alƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 1285, ya gargaɗi mai fatawa cewa in baƙo ya zo masa da tambaya, ya fara binciken al'adar garinsu kafin ya amsa. Imam Malik da kansa bai yarda halifa ya tilasta wa dukan Musulmi Muwaɗɗa ba, domin Sahabbai sun bazu a garuruwa kuma kowane gari da abin da ya riske shi. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Babu wanda zai ce waɗannan mutane ne masu wasa da addini.

Akwai tsoron da nake ji daga wasu abokaina, kuma ba na raina shi. Suna cewa in aka buɗe ƙofar "kowane wuri da hukuncinsa", kowa zai sassauta inda ya yi masa daɗi, ya tsananta inda bai da asara. Haka ne, ana yi. Amma mai motar can ba son ransa ke zaɓa masa ba, mahaɗar ce ke zaɓa. In ya bi lalaci, ai barin dunƙulen zai yi yadda yake, kullum da giris ko kullum a bushe. Wanda ya ce shi mutum ne mai sauƙi a ko'ina, da wanda ya ce shi ba ya lanƙwasa ko'ina, duka biyun sun hutar da kansu daga tsugunawa ne.

Mu ma muna da irin wannan a garejinmu. Farantin da tirela ke hawa a kan mota sai an lafta masa giris, amma mai ya zubo a birki an shiga uku. Kawu kuma ba ya barin yaransa su ɗora sabon giris a kan tsoho, ko a boris ɗin amalanke ne, domin ƙurar hunturu da yashin hanyarmu na maƙalewa a ciki, sai maiƙon ya koma abin da ke cin ƙarfen. Tsumma tukuna, sannan gwangwani.

Abin da ya fi mini wuya shi ne ranar da kayan biyu suka zo a haɗe. Ƙanen mutum ya ci kuɗin ƙungiya, shi kuma wan ne ma'aji. Na ga wani dattijo a nan ya tsaya gaban jama'a ya faɗi sunan ƙanensa da adadin kuɗin, bai rage dala ba. Da dare ya sayar da ɗan bijiminsa ya biya, bashin ya koma tsakaninsu su biyu, kuma har yau bai tambaye shi ba.