Sunan Allah da Ya Ɓace a Bankwanan Bature

Kalmar nan da Turawan Ingila ke faɗa wa juna yayin rabuwa, watau goodbye, wadda 'ya'yanmu suka tsinci guntunta suna ɗaga hannu suna cewa "bai-bai", asalinta addu'a ce cikakkiya, ko da yake galibin masu furta ta a yau ba su da labarin haka. Mutanen Ingila na dā, in za su sallami matafiyi, sai su ce God be with ye, ma'ana Allah ya kasance tare da ku. To, da yake harshe ba ya son wahala, kuma lafazin da ake maimaitawa safe da yamma shi ya fi saurin gogewa, sai kalmomin nan huɗu suka yi ta haɗuwa har suka dunƙule, ta yadda wajen 1573 an sami dunƙulalliyar siffar a wata wasiƙa ta wani malami, Gabriel Harvey. Daga baya kuma, saboda kunne ya saba da good day da good night, sai aka musanya God da good, sunan Ubangiji ya fita, sifar kyau ta gaje gurbinsa, alhali babu sarkin da ya yi umarni da haka, babu limamin cocin da ya ba da izini. Faransawa kam da adieu ɗinsu, har yanzu sunan Ubangiji yana nan a cikinsa ga mai kunne.

Mas'alar da ta dame ni ita ce: shin lafazin da mai shi ya manta ma'anarsa yana nan a matsayin addu'a? Hadisin niyya, wanda Imam Buhari ya buɗe littafinsa da shi, ya rataya ayyuka ga abin da zuciya ta ƙudurta. Fuƙaha'u kuma, a babin rantsuwa, sun yi maganar lagawu wadda ba ta da kaffara, inda Imam Shafi'i ya fassara ta da irin "wallahi" ɗin da ke kuɓucewa daga baki ba da nufi ba, Imam Malik kuwa ya ce ita ce rantsuwa a kan abin da mutum ya sakankance da shi sa'an nan ya bayyana saɓanin haka. A fahimtar Shafi'i ke nan, sunan Allah kansa yana iya ratsa harshe bai ƙulla komai ba.

Kada mai karatu ya yi saurin yi wa Bature dariya, domin mu ma muna da namu. "Don Allah" roƙo ne da ake gabatar da mafi girman suna a cikinsa, amma da baki ya tauna shi ya koma "dalla", sai ga shi ya zama kalmar tsawa, har ka ji yaro ya ce wa ɗan'uwansa "dalla can, rufe mana baki", bai san Wanda ya ambata ba. Bature dai ya ɓatar da sunan cikin fatan alheri.

Duk da haka ban yarda da masu cewa gara a daina ambaton in zuciya ba ta halarta ba. Ibn Aɗa'illahi, mai littafin Hikam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya hana a bar zikiri saboda gafala, da hujjar cewa zikirin gafili yana iya ɗaukaka ya zama na farkakke. Muddin sunan yana cikin lafazi, niyya na iya dawowa ta raya shi. Idan harafin ya goge, kamar yadda ya auku ga goodbye, to sai masu binciken asalin kalmomi kaɗai ke iya tono shi, su kuwa ba addu'a suke yi ba. Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka raka baƙo bakin zaure, ka cika masa "Allah ya kiyaye hanya" ɗinsa, kada ka gutsure.