Darasi na Bakwai: Wane Ne Yake Yin Baftisma?

Karatu: Yohanna 4:1-2, 1 Korintiyawa 11:27-29

Sakramenti alama ce da ido yake gani, wadda Almasihu ya kafa domin ya ba mu alherin da ido ba ya gani. Ikkilisiyar Katolika tana riƙe da guda bakwai, kamar yadda Majalisar Trent ta tabbatar a shekara ta 1547: Baftisma, Ƙarfafawa, Jibin Ubangiji, Tuba, Shafe Marasa Lafiya da Mai, Naɗin Firist, da Aure.

Akwai tambayar da take damun zukata. Idan firist wanda ya yi mana baftisma ya faɗi cikin zunubi, baftismarmu ta lalace ke nan?

Tambayar nan a ƙasar Afirka ta taso tun dā. A tsanantawar da ta fara a shekara ta 303, waɗansu shugabannin ikkilisiya suka miƙa littattafai masu tsarki domin tsoro. Mabiyan Donatus suka ce baftismar irin waɗannan banza ce, sai a sāke. Agustin, bishof na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ƙi. Ya koyar cewa hannun mutum ne yake zuba ruwa, amma Almasihu ne mai yin baftisma. Mu duba karatunmu: an ce Yesu yana baftisma, alhali kuwa almajiransa ne suke yi.

Jakadan sarki yakan iso da riga mai ƙura, amma hatimin da ke kan takarda na sarki ne. Ran 23 ga Maris 1998 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya miƙa hadaya a Kubwa, nan Abuja, gaban babban taro. Abin da aka karɓa a ranan nan bai fi wanda ake karɓa daga hannun ƙaramin fada a ƙauyen Kuje ko Kwali ba, gama Mai bayarwa ɗaya ne.

Amma kada mu yi sakaci. Manzo Bulus ya gargaɗe mu, kowa ya gwada kansa kafin ya ci gurasar. Ruwan sama ɗaya ne, amma gonar da aka nome ita take ba da hatsi.

Tambayoyi:
1. Daga ina ikon sakramenti yake fitowa?
2. Mene ne ya wajaba a kanmu kafin mu matso gaban bagade?
3. Ƙaƙa za mu ƙarfafa ɗan'uwan da laifin shugaba ya raunana bangaskiyarsa?