Ɗana, Kada Ka Raina Ƙaramar Makaranta

Ɗana, kai da ka sami gurbin karatu a Amurka ko kake kan nema, da ke 'yata mai irin wannan buri, ku matso mu yi magana. Na san abin da yaro yake hangowa idan an ce Amurka: dogayen benaye, fitilu dare da rana, jama'a ba masaka tsinke. Sai takarda ta iso, ka duba taswira, ka tarar makarantar da ta karɓe ka tana can tsakiyar gonaki, a garin da ko sunansa ba ka taɓa ji ba, sai jikinka ya yi sanyi, har ka fara jin kunyar faɗa wa abokai inda za ka. Ban ga laifinka ba, ƙuruciya ce. Amma ka saurare ni kafin ka yanke hukunci, domin ƙanƙantar nan da kake gani aibi ita ce babbar dukiyar wurin, kuma ɗalibai da yawa sai sun fita suke ganewa, lokacin da ganewar ba ta da sauran amfani.

Bari in ɗauki wuri guda mu yi misali da shi. A yammacin jihar Minnesota akwai wani gari da ake kira Morris, mutanensa wajen dubu biyar ne, tsakaninsa da birnin Minneapolis tafiyar kilomita 240 ko kusa da haka. A nan Jami'ar Minnesota take da wani ƙaramin reshe da aka buɗe a 1960, na gwamnatin jiha, ɗalibansa ba su kai dubu biyu ba, kuma digirin farko ake yi a cikinsa. Yana cikin irin makarantun da ba sa yarda ɗalibi ya ƙulle kansa a fanni ɗaya. Ko ilimin halittu ka je karantawa, sai ka zauna ajin tarihi, ka taɓa adabi, ka yi lissafi, ka koyi wani harshe, ka yi rubutu har hannunka ya saba. Fannin da ka zaɓa wani kaso ne kawai na abin da za ka karanta a shekara huɗun, har ma kana iya shiga ba ka zaɓa ba, sai ka ɗanɗana ka ga inda zuciyarka ta kwanta.

A nan ne ƙorafi na farko yake zuwa, na kuma sha jin sa: "Ni likita nake so in zama, me ya haɗa ni da falsafa?" Mu a gida tun wajen cike takardar JAMB yaro yake ɗaure kansa da kwas ɗaya, darussan gama-gari da ake yi a shekarar farko kuwa a ɗauke su nauyi ne da za a sauke a huta. Kada ka tafi can da wannan tunanin. Da farko dai, a Amurka ba a shiga makarantar likitanci sai an gama digirin farko, saboda haka ba hanya aka tare maka ba, kana kanta. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, likitan da bai iya sauraron mutum ba, bai iya rubuta bayani mai tsari ba, bai san yadda talauci da al'ada suke shiga cikin cuta ba, rabin likita ne ko da ya haddace littattafan duniya. Ajin da kake ganin ɓata lokaci ne, sau da yawa shi yake koya maka yadda ake kafa hujja, da yadda ake janye magana ba tare da jin an ci mutuncinka ba idan hujjar wani ta fi taka. Wannan kuwa abu ne da za ka buƙata a ofis, da cikin gidanka, har ranar da za ka zama uban wasu.

Sai maganar aji. A babbar jami'a kana iya zama a bayan ɗakin lacca cikin ɗaruruwan mutane, ka yi barci, ka tashi, ba wanda ya san ka zo balle a san ba ka zo ba. A ƙaramar makaranta babu wannan mafaka. Aji na iya zama mutum goma sha biyar ko ashirin, malami ya san sunanka tun makon farko, ya san muryarka, ya san ranar da ka karanta abin da aka ba ka da ranar da kake kame-kame. Ka lura da wani abu da ke cutar 'ya'yanmu masu tarbiyya. An koya maka sunkuyar da kai gaban babba, da yin shiru idan malami yana magana, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau, Allah ya saka wa iyayenka. Sai dai a can ana ɗaukar shiru a aji alamar ba ka yi karatu ba ko ba ka damu ba, kuma a darussa da yawa tofa albarkacin baki yana cikin abin da ake ba maki a kansa. Ka riƙe ladabinka, amma ka buɗe baki. Kada ka ji kunyar yadda Turancinka yake fita, ba harshen uwarka ba ne, kuma mai harshe biyu ko uku ba shi da abin jin kunya gaban mai harshe ɗaya.

Kowane malami yana da sa'o'in da ya ware a mako, ya zauna a ofishinsa ƙofa a buɗe, yana jiran ɗalibin da zai shigo da tambaya. Yawancin yara ba sa zuwa sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada, jarrabawa ta matso ko maki ya zube. Kai ka je tun da wuri, tun ba ka da matsala. Matambayi ba ya ɓata. Kuma ka san wannan: da yake babu masu karatun digiri na biyu da na uku a wurin, idan malami yana bincike yana neman mataimaki, ku ne a gabansa. A Morris kowace shekara akan ware rana ɗalibai su gabatar da binciken da suka yi a gaban jama'a, abin da a manyan jami'o'i yaro ɗan shekara ashirin zai daɗe bai samu ba. Ranar da za ka nemi ƙarin karatu ko aiki, za a buƙaci wasiƙar shaida daga malamanka, kuma akwai bambanci mai nisa tsakanin wasiƙar wanda ya san ka shekara huɗu da ta wanda sai ya duba rajista kafin ya tuna fuskarka.

To amma sanin nan kaifi biyu ne da shi, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Inda aka san alherinka da wuri, nan ake sanin ha'incinka da wuri. Malamin da ya karanta rubutunka sau biyar ya san salonka, ranar da ka kwafo na wani daga intanet, ko ka sa na'ura ta rubuta maka ka ce naka ne, zai gane tun a sakin layi na farko. A can wannan babban laifi ne, yana iya jawo faɗuwa a darasin baki ɗaya, in ya maimaitu har kora. Kai kuma baƙo ne, izinin zamanka a ƙasar a ɗaure yake da karatunka, don haka abin da zai zame wa ɗan ƙasa tuntuɓe kai zai iya zame maka faɗuwa. Zangon karatu mako goma sha biyar ne ko kusa da haka, kuma ba jarrabawar ƙarshe kaɗai ake dubawa ba, aikin kowane mako ana lissafa shi, saboda haka ɗabi'ar nan ta a yi wasa sai dare ɗaya a kwana ana hadda ba za ta fisshe ka ba. Idan aiki ya fi ƙarfinka, je ka faɗi gaskiya ka nemi ƙarin lokaci. Maki kaɗan na guminka ya fi maka mutunci, kuma a garin mutum dubu biyar sunan da ka ɓata ba ya gyaruwa da sauƙi.

Ba zan ɓoye maka wahalar wurin ba. Sanyin Minnesota ba hunturun da ka sani ba ne, a watan Janairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da sifiri da digiri ashirin, iska kuma tana kaɗawa a fili ba dutse ba daji da zai tare ta. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar na yamma, Azahar da La'asar da Magariba su taho a jere kusa da kusa, sai ka tsara su tsakanin darussa. Amma abin da ya fi sanyin jiki haɗari shi ne kaɗaici. Yaro ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ya rungumi waya, yana hira da mutanen gida waɗanda agogonsu ya riga nasa da awa shida ko bakwai, ya kwana ido biyu ya makara aji, a hankali jikinsa yana can hankalinsa yana nan, bai amfana da ko ɗaya ba. Ka kira mahaifiyarka, wajibi ne, amma ka fita ka ci abinci cikin mutane. Makarantar tana da gidan rediyon ɗalibai mai suna KUMM, akwai ƙungiyoyi, akwai wasanni, akwai aiki a cikin harabar makaranta wanda doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi har awa 20 a mako lokacin karatu. In zuciyarka ta yi nauyi har ka kasa gane kanka, akwai masu ba da shawara da aka ajiye domin haka, zuwa wurinsu ba gazawa ba ne. Ka kuma zaɓi abokan zama da kyau, domin inda babu wurin zuwa da dare giya takan zama abin rage lokaci ga wasu, kuma ba dole ne ka bi su ba kafin su girmama ka. In kana neman jam'in salla da naman halal, garin Willmar, tafiyar kamar awa ɗaya a mota, yana da al'ummar Somaliyawa masu yawa.

Akwai kuma haƙƙin wurin da mutanensa a kanka. Filin da makarantar Morris take a kai yana da tarihi mai nauyi. A 1887 aka buɗe makarantar kwana a wurin domin 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, irin makarantun da aka riƙa raba yara da iyayensu da harshensu. A 1909 gwamnatin tarayya ta miƙa filin ga jihar Minnesota bisa sharaɗin cewa 'yan asalin ƙasar za su yi karatu a wurin ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, sharaɗin kuma yana aiki har yau, bayan wurin ya zama makarantar koyon aikin gona daga 1910, sannan jami'a. Saboda haka za ka zauna aji da jikokin ƙabilun Ojibwe da Dakota. Ka saurare su da kunnen basira, kai da ka fito daga ƙasar da ta san mulkin mallaka za ka fahimci abin da wasu ba za su fahimta ba. Manoman garin ma, masu masara da waken soya da shanun madara, kada ka dube su da idon ɗan birni. Manyan injinan iska biyu da za ka hango daga harabar makarantar, ɗaya an kafa shi a 2005 ɗaya a 2011, suna samar da lantarki, kuma duk mai tunanin yadda za a haskaka karkarar ƙasarmu yana da abin koyo a gindinsu.

Ban ce kowa ya dace da irin wannan wuri ba. Darussa ba su kai na babbar jami'a yawa ba, galibin irin waɗannan makarantu ba sa ba da digirin injiniya, manyan kamfanoni suna nesa, kuma idan ka dawo gida za ka sha bayanin inda ka yi karatu ga mutanen da Harvard kaɗai suka sani. Ka zauna da iyayenka ku lissafa kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci da na inshorar lafiya na shekara huɗu cif, kada a dogara da za a samu a gaba. In lissafin ya fita, fannin da kake so kuma yana nan, to ka tafi da zuciya ɗaya, ɗana. Ka sayi rigar sanyi mai kauri da takalmin ƙanƙara kafin Oktoba ya ƙare, kuma a makonka na farko ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar kowane malaminka, ka gaishe shi, ka faɗa masa sunanka da inda ka fito. Allah ya ba ka ilimi mai amfani, ya dawo mana da kai lafiya.