Faɗuwar Gaba Asarar Namiji

A bakin 'yan dambe da 'yan kokawa da mafarauta wannan karin magana ya fi yawo, kuma su suka fi kowa sanin dalilinsa. Ɗan damben da ya shiga fili, ya hangi damtsen abokin karawarsa, gabansa ya yanke ya faɗi, to an gama da shi tun ba a kai masa naushi ba. Gwiwa ta yi sanyi, hannun da aka naɗe ya yi nauyi. Shi ya sa ake da makaɗan maza. Aikin da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago ke nan: ya cika masa zuciya da zuga kafin ya taka fili, don kada tsoro ya sami masauki.

Magabata ba su ce jarumi ba ya jin tsoro ba. Duk mai rai gabansa yana faɗuwa ranar da aka yi masa mugun albishir, ranar da kasuwa ta ƙone da jarinsa, ko likita ya faɗa masa abin da ba ya son ji. Abin da suka kira asara shi ne mutum ya sakar wa tsoron linzami, ya bar shi ya riƙa yanke masa shawara. Tsoro kuwa mugun mashawarci ne, sau da yawa abin da zai ƙara ciwon shi yake nuna wa mutum a matsayin mafita.

A ganina, babu inda gaskiyar wannan ta fito fili kamar ɗakin da babu namiji ko ɗaya a kan gadajensa, wato ɗakin masu yoyon fitsari. Yawancinsu doguwar naƙuda ce ta jawo musu. Mace ta kwana biyu ko uku tana kan gwiwa a gida, kan jariri ya tokare, ya matse mafitsara da ƙashin ƙugu har naman wurin ya mutu ya huje. Galibi ɗan ba ya zuwa da rai. Wasu kuma yankan gishiri ne ya yi musu illa. Ta rasa ɗa, ta rasa lafiya, sau da yawa ta rasa aure, sannan a ware mata kwano da tabarma saboda zarni. Wace jarrabawa ce ta fi wannan nauyi a kan yarinyar da wataƙila ba ta cika shekara ashirin ba?

To dubi shawarar da tsoro yake ba ta. Tunda duk abin da ta sha zubowa yake, sai ta rage shan ruwa. Fitsarin ya yi kauri, zarninsa ya ƙaru, ya riƙa cin fatar cinyoyinta, wani lokaci har tsakuwa ta taru a mafitsara. Tunda tana gudun a toshe hanci a mota, sai ta daina fita, ta lafe a ƙuryar ɗaki, shekaru su yi ta wucewa. Alhali ranar da ta isa asibiti, cikin abubuwan farko da za a umarce ta da su har da shan ruwa mai yawa, abin nan da ta fi tsoro. Kuma wadda ta zo da wuri, tun raunin yana ɗanye, akan dace robar fitsari kaɗai ta sa ƙaramar ɓula ta haɗe ba tare da an kai ga tiyata ba. Kowane watan da aka ɓata ana ɓuya, asara ce da ba ciwon ya jawo ta ba.

Magani kuwa yana nan kusa. A Babbar Ruga ta Katsina, Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya zo aikin kuturta, ya fara ɗinke wannan lalura a 1984, kuma dubban mata sun warke a hannunsa da hannun likitocin da ya horar. Akwai cibiyar Laure a Asibitin Murtala na Kano, akwai ta Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012. Tun 2013 duniya ta ware 23 ga Mayu don yaƙi da wannan ciwo. Amma duk ƙwarewar likita, ba zai yi aiki a kan wadda ba ta zo ba. Matakin da ya fi kowane wuya shi ne na farko: ta ɗaura tsummanta, ta shiga motar haya cikin mutane, ta daure wa kallo da tsaki har a isa. Wannan mazantaka ce, ko da mai ita mace ce.

A nan ne nake jin haushin masu amfani da wannan karin magana su wanke hannunsu. Mutum ya ce wa mai ciwo “ki yi ƙarfin hali,” alhali ya hana ta kuɗin mota, bai fahimci komai ba. Zuciya ba ta cika ita kaɗai. Uwar da ke wanke tsummokara ba ta yamutsa fuska, uban da ya sayar da akuya ya ce “tashi mu tafi, Allah yana nan,” mijin da ya ƙi saki ya zauna jinya, su ne ke mayar wa mai rauni gabanta wurinsa. Tawakkali ma da aka hore mu da shi, sai an ɗaure raƙumi ake yinsa.

Kuma jarumtar ba ta ƙarewa a ƙofar asibiti. Wata aiki ɗaya ya ishe ta, wata sai an yi na biyu ko na uku, kowanne da nasa jiran da nasa fargabar. Wadda ta bushe za a ce ta ƙaurace wa shimfiɗar miji na wasu watanni, kuma in ta sake samun ciki, ta haihu a asibiti. Cika wannan sharaɗi yana bukatar ta iya buɗe baki a gaban miji da uwar miji ta ce a kai ta tun naƙuda ba ta yi nisa ba, ko da za a ce mata raguwa.